Shaidu Biyun da Suka Kai Ta Bencin Baya, Duk Ni Ne

Ina gaida mai kula da wannan shafi, ina gaida masu karatu, Kirista da Musulmi, manya da yara. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da za ku gani a nan ma duk na canza su. Ina roƙo ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, ko da yake za ku gani da kanku cewa a duk faɗin Suleja babu wanda bai cancanci ya yi wannan roƙo ba kamar ni.

Shekaruna saba'in da ɗaya. Dattijo ne ni a wani ƙaramin coci a Kwamba, ni ne kuma tafinta: fasto ya yi wa'azi da Turanci, ni in juya da Hausa. Na san garin nan tun kafin Abuja ta cika ta zubo mana mutanenta. A lokacin cocinmu ɗakin ƙasa ne mai benci takwas. In mutum ya yi laifi, dattijo ɗaya ne zai bi shi gida, su zauna a gindin mangwaro su biyu, ko matarsa ba za ta ji abin da aka faɗa ba. In bai gyara ba a koma da mutum na biyu. Sai an yi haka an gaji kafin magana ta kai gaban jama'a. Yanzu fa? Yanzu muna da fankoki da janareta da lasifika mai fasa kunne, muna da guruf a waya wanda in ka yi tuntuɓe a bakin kasuwa da safe, kafin rana ta take an gama yi maka wa'azi a kai. Muna kuma da akwati. Akwatin katako ne a bakin ƙofa, an kafa shi don masu neman addu'a da ba sa son a san su. Ba a yi shekara biyu ba ya zama wurin da ake jefa sunan maƙwabci.

Shekara talatin da huɗu na yi ina gyaran manyan injuna a kamfanonin gina hanya. Na zauna a Inugu, na zauna a Ibadan, na yi Kumasi, na yi Garwa, na yi Maraɗi. Ina jin Gwaranci da Yarbanci da Faransanci, ina taɓa Ibo. A Ibadan na ga cocin da ake kiran mai laifi gaba a yi masa ihu a ka har ya faɗi. A Inugu na ga inda in kana da mota laifinka ba ya kai Lahadi. A Maraɗi kuwa mu goma sha biyu ne kacal, in aka kori ɗaya wa zai yi waƙa? Can ne kaɗai na ga ana jin tsoron rasa mutum. Na dawo gida da duk wannan a kaina, ina ganin babu mai ido irin nawa. To ku ji abin da mai idon ya yi.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba: in aka kama mutum da laifi, sai a sa shi a horo. Zai bar kujerarsa ya koma bencin baya kusa da ƙofa, ba zai yi waƙa ba, ba zai riƙe muƙami ba, ba kuma zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke rabawa a Lahadi ta farko a kowane wata. Ranar da horon ya ƙare zai tsaya a gaban jama'a, dattijo ya karanta laifinsa, shi kuma ya ce "na yi", sannan a karɓe shi. Ƙa'idarmu ita ce majalisar dattawa ba ta kiran kowa sai ƙara ta fito daga mutum biyu. Ku riƙe wannan.

Akwai wata mata, zan kira ta Maman Jummai. Gwauruwa ce, nas ce da ta yi ritaya, ita ce shugabar zumuntar mata, kuma aminiyar marigayiya matata ce. Mace ce mai baki. Shekara biyu da suka wuce wata yarinya a ƙungiyar mawaƙa ta yi ciki, na tsaya kai da fata a taro cewa sai an ba ta shekara guda a baya, ina kawo misalin yadda ake yi a Kumasi da Ibadan. Maman Jummai ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Baba, duk ƙasashen nan da ka zaga, motarku ba ta taɓa tsayawa a garin da ake yafiya ba?" Aka fashe da dariya, har fasto ya rufe baki da hannu. Ni ma na yi murmushi. Amma na ajiye maganar a raina.

Sai in faɗi abin da na ɓoye wa kowa. Ina da ɗa namiji guda, Bulus, yanzu shekarunsa talatin da takwas. Giya ta cinye shi. Ranar da aka binne uwarsa, shekara huɗu ke nan, ya zo a buge, ya yi amai a gaban baƙi. Washegari na watso masa kayansa waje na ce kada in ƙara ganinsa. Da mutanen coci suka fara tambaya sai na ce ya samu aiki a Fatakwal. Har na taɓa tsayawa a lokacin godiya na ce a taya ni yabon Allah, yaro yana can yana ci gaba. Ni da kaina ban san inda yake ba, ban kuma nema ba.

Ina da ɗan fili a Maje da nake leƙawa saboda masu gine-gine suna ta matso da iyaka. Bara, wata ranar Talata da hantsi, ina tsaye bayan tarin bulo, sai na hango Maman Jummai tana fitowa daga gidan wata mai dafa burukutu. Kowa a wajen ya san gidan. Tana riƙe da jaka, idanunta jajir, tana goge fuska da gefen mayafi. Me ya kamata dattijo ya yi? Ya fito ya ce, "Maman Jummai, lafiya na gan ki a nan?" Kalma bakwai ko takwas. Ni kuwa sai na ƙara laɓewa. Wallahi zuciyata daɗi ta ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dawo Talata ta gaba, ba don fili ba. Na gan ta. Na dawo ta uku, na bi ta a baya har ta hau keke napep, ni ma na hau wani na bi su, da ta sauka sai na shiga nata na zauna kusa da inda ta tashi, warin tsami na nan a kujera. Na ce shi ke nan.

Na rubuta takarda da Hausa na jefa a akwati, ba suna. Aka yi mako biyu shiru, domin ƙara ɗaya ce. Ni ne na fi kowa sanin ƙa'idar, da ni aka rubuta ta. Sai na sayi wani biro daban, na yagi takarda daga wani littafi daban, na rubuta ta biyu da hannun hagu, da irin Turancin 'yan'uwanmu na kudu da ke kasuwanci a garin nan, wanda na ƙware a kai tun ina Inugu. Na sa a ƙasa cewa daga wata 'yar'uwa mai damuwa. Harsunan da nake taƙama da su, ga aikin da na sa su.

Fastonmu yaro ne, bai daɗe da gama makaranta ba. Ya kawo takardun majalisa ya ce, "Baba, biyu ne yanzu, kuma ba su san juna ba, ɗaya Bahaushe ɗaya ɗan kudu. Yaya za mu yi?" Na sunkuyar da kai kamar abin ya yi mini nauyi na ce, "Ƙa'ida ƙa'ida ce, ɗana."

Aka kira ta. Ta zauna a gabanmu, mu maza biyar, takardun suna kan tebur.

Fasto ya ce, "Mama, gaskiya ne kina zuwa gidan nan na Maje?"

Ta ce, "Ina zuwa."

"Me kike yi a can?"

"Ba zan iya faɗa ba, Fasto. Na yi alkawari."

Ni kuma na ce, "Alkawari da wa? Da mai tukunya?" Wani a cikinmu ya yi dariya. Ta juyo ta dube ni, ta dubi teburin, ta sake duba na. Ta ce, "Baba, ban taɓa sa abin nan a bakina ba. Iyakar abin da zan ce ke nan." Na ce wa sauran, na zaga duniya, ban taɓa ganin mashayin da ya ce yana sha ba. Aka yanke mata wata takwas. Ni na rubuta hukuncin da hannuna, hannun dama wannan karon.

Yanzu bari in faɗi abin da ke ƙona mini rai game da mutanenmu, don ba ni kaɗai ba ne. Matar nan ta karɓi haihuwar rabin yaran cocin nan. Babu gidan da ba ta shiga da jakarta ba in zazzaɓi ya kama yaro. Mutum nawa suka taka zuwa gidanta suka tambaye ta ba'asi? Ko ɗaya. Kafin a tashi daga sujada labari ya cika guruf, kowa na rubuta "mu sa ta a addu'a", alhali daɗin labarin suke ji. Matan da suka yi shekaru suna ɗaura anko ɗaya da ita suka fara cewa dama sun lura idonta na yin ja. Wata ta ce dama kunun da take kawowa taro yana da wani irin tsami. Wane irin mutane ne mu? Muna haddace koyarwar Almasihu tun muna yara, cewa hukunci na Allah ne, cewa kafin ka leƙa idon ɗan'uwanka ka fara duba abin da ya tokare naka, muna rera shi a waƙa, muna manna shi a bayan mota. Amma a ba mu mutum guda a bencin baya, sai ka ga coci ya cika fiye da ranar Kirsimeti.

Ita kuwa ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Ta zo da wuri, ta zauna kusa da ƙofa inda rana ke dukan mutum. Ni ne mai ɗaukar farantin jibi. Sau takwas na bi layi-layi har baya, na miƙa wa na kusa da ita, na tsallake ta. Akwai Lahadin da fasto ya yi wa'azi a kan wannan koyarwa ta kada mu shar'anta juna, ni kuma na tsaya a gefensa ina juyawa da Hausa mai daɗi, ina ƙara gishiri, ana ta cewa amin. Da aka tashi har wani ya ce, "Baba, yau tafinta ya fi mai wa'azi."

'Yarta Jummai tana da saurayi, mutanen Izom ne, an riga an kai gaisuwa an sa rana. Wata biyu da fara horon, kawunnansa suka zo suka ce a dakata tukuna. Da bikin Ista saurayin ya auri wata.

Makonni uku da suka wuce, da rana tsaka, keke ya tsaya a ƙofar gidana. Wata mata mai jiki ta sauko, ta yi sallama da Gwaranci. Ladi ce, mai gidan burukutun. Ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Kai ne uban Bulus?"

Na ce ɗana yana Fatakwal.

Ta yi tsaki ta ce, "Fatakwal ɗin tana bayan madafina, kusa da inda nake shanya dawa. Tashi ka sa takalmi, tsoho. Ni ba na zuwa cocinku, amma ban taɓa barin ɗan mutum ya ruɓe a kwata ba."

Na bi ta. Wani ɗan ɗaki ne na kwano a bayan gidan, hayaƙin murhu da tsamin dawa sun cika shi, duk wanda ya yi minti goma a ciki sai ya fito da warin a jikinsa da jan ido. Bulus na kwance a tabarma, ciki ya kumbura, ƙafafu sun kumbura sun fashe, an naɗe su da farin bandeji mai tsabta, naɗin wanda ya san aiki. Ladi ta ce shekara ɗaya da rabi ke nan da ta tsince shi a bakin hanya. Da ƙafar ta fara wari sai ya ce a kira masa ƙawar mamarsa, amma sai da ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, musamman ni. Kowace Talata da Juma'a take zuwa, ta wanke ciwon, ta kawo kunu da magani. Har cikin horon ba ta daina ba, ba ta kuma gaya masa an hore ta ba. A bakin wani mai shaye-shaye ya ji, shi ya sa ya ce a kira ni.

Ya kama hannuna ya ce, "Baba, na san na ba ka kunya, ka yafe mini. Amma abu ɗaya nake roƙo. Kai dattijo ne, kana da iko a wurin. Ka nemo mini mutum biyun da suka rubuta takardun nan. Ba zan yi musu komai ba, dubi yadda nake. So nake kawai a kawo su nan su ga abin da take zuwa sha."

Na ce masa to. Abin da na ce ke nan. To.

Na kai shi asibiti, yanzu yana gidana, na ajiye shi a ɗakin ciki, ban gaya wa kowa a coci ba. Kwana biyu bayan haka na je gidan Maman Jummai. Na same ta tana tsince wake a tire. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, kamar ba abin da ya faru. Na fara kame-kame cewa na ji labari, an zalunce ta, za mu duba. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "Baba, bar wahalar da kanka. Na san rubutunka. Shekara nawa kana rubuta wa marigayiya sunayen 'yan zumunta, ni ina karantawa? Tun ranar da na ga ta Hausar a kan tebur na gane."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In faɗa in ce me? In ce ɗan dattijo ne nake jinya, wanda aka yi godiya a kansa yana Fatakwal? Uwarsa tana kan gadon mutuwa ta ce in riƙe mata shi. Ba ta ce in tona shi ba. Kai na daɗe da yafe maka, don na san abin da ya ci ka, maganar da na yi maka ce a taro, kuma bakina ya yi kaifi ranar." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ta biyun ce ta hana ni sakat. Mai Turancin nan. Ban san ta ba, to duk 'yar kudun da ta gaishe ni sai in ce ko ita ce. Akwai wata mai shagon atamfa da na daina amsa gaisuwarta da kyau, kuma wataƙila ba ta san komai ba. Ka taya ni addu'a a kan wannan, Baba."

Ta buɗe mini ƙofa har haka, ni kuwa na shanye ruwanta na ce Allah ya ba mu haƙuri. Na tashi na fito.

Ku gaya mini, da wa zan yi fushi? Ina fushi da faston da ya ɗauki takarda marar suna ya kira ta shaida. Ina fushi da sauran dattawa uku da babu wanda ya ce mu je Maje mu gani da idonmu, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ina fushi da Bulus da ya ɗaure baiwar Allah da rantsuwa. Har ita ina fushi da ita, don da ta zage ni, da ta watsa mini ruwan nan a fuska, da na samu abin riƙewa. Amma duk inda na juya fushin sai ya dawo kan tsohon da ya laɓe a bayan bulo. Mai dafa burukutu, wadda na sha ambatar irinta a matsayin misalin ɓatattu, ita ta ɗauki ɗana daga kwata. Ni mai farantin jibi na jefa shi.

Lahadi mai zuwa horon zai ƙare. Ni ne a jadawali zan karanta laifin, takardar tana aljihun rigata yanzu haka, an rubuta shan giya da taurin kai. Na tambaye ta abin da za ta yi, ta ce, "In ka karanta zan ce na yi. Wata mai zuwa za a yi mini aiki a asibiti, ba na son in kwanta ban ci jibi ba. In na tsaya gardama za ku ƙara mini wata shida. Allah ya san abin da na yi." Wato in na yi shiru, mace mai shekara sittin da uku za ta tsaya a gaban yaran da ta yanke wa cibiya ta amsa laifin da ba ta yi ba, daga bakina.

Na yi tunanin faɗin rabi. In ce ɗana take jinya, na yi ƙaryar Fatakwal, a wanke ta. Za a ji tausayina ma, a ce uba ne. Amma daga ranar za a fara farautar masu takarda, kuma na san kan mai shagon atamfa za a faɗa, don an riga an fara raɗa. In kuwa na faɗi duka, Bulus zai ji cewa mutum biyun da ya roƙa in nemo masa su ne ke ba shi magani da safe. Likita bai ba ni dogon fata a kansa ba. Wataƙila da wannan zai tafi.

Akwai abin da ko na faɗa ko ban faɗa ba ya riga ya tabbata. Jummai ta rasa mijin da za ta aura, ya yi aure, matarsa har ta yi ciki. Wata takwas ɗin da uwarta ta yi a bakin ƙofa ba mai mayar mata. Ni kuma tun ranar da na dawo daga gidan Ladi ban ƙara yin tafinta ba, na ce musu murya ce ta shaƙe, kuma na san ba zan sake tsayawa a wurin ba.

Saura kwana huɗu. Ku da ba ku san fuskata ba, ku faɗa mini gaskiya ko da zagi ne: ranar Lahadi, in aka miƙo mini lasifika, ita tana tsaye a gabana, me zan yi?